Ribadu: Daga Sansanin Tsaro Zuwa Sunan Iyali

Masu iya magana kan ce suna linzami ne. To amma linzamin da ake sa wa mutum ranar suna daban yake da wanda takardun hukuma suke nema. Duk ɗalibin da ya taɓa cike fom ɗin shiga jami'a ya ci karo da gurbin da ake cewa a rubuta sunan iyali, kuma da yawa daga cikinmu sai da muka ɗan dakata: na uba za mu sa, ko na kaka, ko kuwa na gari? Wannan dakatawa tana da tarihi, kuma za mu bi sawunta ta hanyar suna guda da duk mazaunin Yola da Jimeta ya saba ji, wato Ribadu.

Ya kamata mu fara da waɗanda suka kawo mana gurbin. Su kansu mutanen Ingila ba da sunan iyali suka tashi ba. Al'adar ta fara kafuwa ne bayan da Normawa suka ci ƙasar a 1066, ta soma daga gidajen masu mulki, ta gangaro a hankali, har zuwa wajen 1400 da akasarin talakawa suka mallaki sunan da ɗa yake gada daga uba. Harajin kai na 1377 da 1379 da 1381 ya nuna dalili: idan ƙauye guda yana da John goma, dole mai karɓar haraji ya rarrabe su. Sai wani ya zama Smith, wato maƙeri, wani Johnson, wato ɗan John, wani kuma aka kira shi da sunan garinsu. Alal misali, Washington sunan wani ƙauye ne a arewacin Ingila. Wani gida ya ɗauke shi a ƙarni na 12, wani daga zuriyar gidan ya zama shugaban Amurka na farko, sannan a 1791 aka raɗa wa babban birnin ƙasar sunan. Ƙauye ya ba iyali suna, iyali ya ba birni.

A Fombina kuwa, kamar yadda ake kiran ƙasar Adamawa a da, wata hanya ce daban. Mutum yana da sunan yanka, a jingina shi da na mahaifinsa, sannan a san shi da danginsa: ko Ba'en, ko Wolarɓe, ko Yillaga. Modibbo Adama ɗan Arɗo Hassana ne, daga Ba'en, kuma "Modibbo" laƙabin malanta ne, ba abin da ɗa zai gada ba sai ya yi karatu. Babu wanda ya ga bukatar sunan da zai tsaya cak daga kaka zuwa jika, domin tsofaffi sun riƙe salsala a ka, kuma kowa ya san gidan kowa. Har yau ma a gidan sarauta sarƙar nan ce take aiki: Lamiɗo Aliyu Musdafa ya yi mulki daga 1953 zuwa 2010, wanda ya gaje shi kuwa ana kiransa Muhammadu Barkindo Aliyu Musdafa, wato suna, da uba, da kaka.

To ina Ribadu ya shigo? Asalin kalmar Larabci ce, wadda Hausawa suke cewa ribaɗi, wato sansanin tsaro da ake kafawa a bakin iyaka. Bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gurin ya fara zama. Wajen 1831 ya ƙaura zuwa Ribadu, daga nan zuwa Joboliyo, kafin ya kafa Yola a 1841. Ashe ke nan garin Ribadu, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Fufore a yanzu, ya riga Yola zama mazaunin Lamiɗo. Abin takaici ne a ce ɗalibai da yawa sun san sunan a matsayin na mutane, ba su san cewa gari ne mai irin wannan matsayi ba.

Turawan Ingila sun ci Yola a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice daga garin. Abin da ya biyo baya shi ne rajista: ta haraji, ta ma'aikatan En'e, da ta makaranta. A nan matsalar John goma ta sake kunno kai, sai dai wannan karon Muhammadu goma ne a aji ɗaya. Mafita mafi sauƙi ita ce a kira yaro da sunan garinsu. Ta wannan hanya Arewa ta sami su Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Muna ganin akwai abin da ya ƙara wa wannan dabara karɓuwa, wato alkunya. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya ambaci sunan mahaifinsa gatsau zai fi sakewa idan malami ya kira shi da sunan gari a gaban jama'a.

Wanda ya fitar da sunan Ribadu duniya shi ne Alhaji Muhammadu Ribadu, ɗan hakimin Balala. Ya yi karatu a makarantar Midil ta Yola, ya riƙe baitulmalin En'e, ya shiga siyasa a jam'iyyar NPC, sannan ya zama ministan tsaro daga 1960 har rasuwarsa a ranar 1 ga Mayu 1965. Ga wani abin lura: mutumin da sunansa yake nufin sansanin tsaro shi aka damƙa wa tsaron ƙasa, kuma daga baya aka sa wa wani barikin soja a Kaduna sunansa. A Jimeta kuma ga Dandalin Ribadu, inda ake manyan taruka. Da muka zo kan Malam Nuhu Ribadu, wanda aka haifa a Yola a 1960, ya shugabanci hukumar EFCC daga 2003 zuwa 2007, aka kuma naɗa shi mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a 2023, sai mu tarar sunan ya riga ya zama na gado, domin mahaifinsa ma Ahmadu Ribadu ake kiransa. Abin da ya ɗauki Ingila fiye da shekara 300, a nan tsara biyu ya ɗauka.

Sai dai gurbin bai zo shi kaɗai ba, ya zo da ɗabi'ar Turawa ta mayar da mace ga sunan mijinta. A da ba haka muke ba: Nana Asma'u ta auri Waziri Gidaɗo, amma har ta koma ga Mahaliccinta da sunan mahaifinta aka san ta. Hajiya Aisha Buhari kuwa jikar Muhammadu Ribadu ce, amma wanda ya ga sunanta a jarida, Daura zai fara tunawa kafin Fufore.