Alƙalami a Bayan Takobi: Darasi Daga Yarmuk

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Duk lokacin da aka ambaci yaƙin Yarmuk, wanda aka gwabza da Rumawa a shekarar 636 Miladiyya, jarumtar Khalid bn Walid (RA) ce ke fara zuwa bakinmu. Ni kuwa ina so mu dubi aikin da ya yi tun kafin a zare takobi.

Halifa Abubakar (RA) ya tura rundunoni huɗu zuwa Sham, ƙarƙashin Abu Ubaida, Amru bn As, Yazid bn Abi Sufyan da Shurahbil bn Hasana. Daga baya Khalid ya iso daga Iraƙi da tasa. Kowace runduna da amirinta, alhali abokin gaba dunƙule yake. A ruwayar Ɗabari, Khalid ya ba da shawarar a haɗa jagoranci a hannun mutum ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa. Da aka ba shi ranar farko, sai ya kasa mayaƙa ƙungiya-ƙungiya, kusan 40, kowace da shugabanta. Ya sa Abu Darda'i a kan alƙalanci, Abdullahi bn Mas'ud a kan tattara ganima, Miƙdad kuma a kan karanta wa mutane Suratul Anfal.

Me ya kawo alƙali da mai tsare ganima fagen fama? Rundunonin da suka taho daga wurare dabam-dabam, saɓani kan haƙƙi ne ke fara raba kansu. Idan mayaƙi ya san rabonsa na hannun amintacce, zuciyarsa za ta natsu.

Buƙatar rubuta sunaye ta girmi Yarmuk. Ka'abu bn Malik (RA) ya faɗa cewa a yaƙin Tabuka babu littafin da ya ƙunshi sunayen mayaƙa, har mai son noƙewa yakan zaci ba za a gane ba. Halifa Umar (RA) ne ya toshe wannan kafa da kafa Diwani, wajen shekara ta 20 bayan Hijira. Aƙilu bn Abi Ɗalib, Makhrama bn Naufal da Jubairu bn Muɗ'im suka rubuta mutane ƙabila-ƙabila, aka yanka wa kowa albashi. Mutanen Badar dirhami 5,000 a shekara.

Saboda haka, ɗan uwa, idan ƙungiyoyinku suka haɗu kan aikin alheri, kada ka raina kujerar magatakarda ko ma'aji. Sahabbai manya aka zaɓa wa irinta.

Allah Ya sa mu riƙe amana.