Rawar Akwatin Gawa: Yadda Almakashin Masu Kallo Ya Sauya Ma'anar Bidiyon Ghana

Bidiyo yakan bazu a intanet kamar wutar daji, mako guda kuma a manta da shi. Wani kuwa sai ya yi tsawon rai, domin masu kallo sun daina tura shi yadda suka same shi, sun koma yanka shi suna ɗinka masa nasu. Limor Shifman ta Jami'ar Hebrew da ke birnin Ƙudus ta bambance waɗannan biyun a littafinta Memes in Digital Culture: na farko abu ɗaya ne da ake ta yaɗawa, na biyu kuwa, wato mim, dangin bidiyoyi ne masu kwaikwayon juna a kan tsari guda. Babu misalin da ya fito da wannan bambanci fili kamar masu rawa da akwatin gawa na ƙasar Ghana.

Mutanen nan sana'arsu suke yi. Benjamin Aidoo ne jagoran ƙungiyar Nana Otafrija da ke garin Prampram kusa da Accra, kuma iyalan mamaci ne ke ɗaukar su haya don a raka gawa da kiɗa da taka rawa, musamman idan dattijo ne ya cika da shekaru. Ga Bahaushen da ya saba a yi wanka da sutura da salla a kai makwanci cikin sa'o'i, abin baƙo ne. Amma a kudancin Ghana karramawa ce. An ɗora bidiyonsu a YouTube tun 2015, BBC ta yi rahoto a kansu a 2017. Jama'a sun kalla, sun yi mamaki, sun wuce.

Sai a farkon 2020 aka yi wa hoton aiki biyu. Aka cire sautinsa na asali, aka ɗora kiɗan Astronomia na mawaƙin Rasha Tony Igy, wanda ya fito a 2010, wasu makaɗan Holan masu suna Vicetone suka sake sarrafa shi a 2014. Sannan aka liƙa masa wani bidiyon a gaba, kuma a nan hikimar take. Za ka ga mutum a kan babur ya ɗaga ƙafar gaba yana burga, kiɗan na tasowa a hankali, babur ɗin ya fara karkacewa. Daidai lokacin da zai sha ƙasa sai a datse. Sai ga maza sanye da baƙaƙen kwat da baƙin tabarau, akwati a kafaɗa, suna rausaya.

Faɗuwar ita ce ba a nunawa. Mai kallo ne ke ƙarasa ta a ransa, shi ya sa dariya ke zuwa a gurbin tausayi. Da za a bar jini ya bayyana, da raha ta ƙare. Masu shirya fim sun daɗe da sanin wannan. Lev Kuleshov na Tarayyar Sobiyat ya nuna kusan ƙarni guda da ya wuce cewa fuska ɗaya takan canza ma'ana gwargwadon hoton da aka jera ta da shi. Bambancin yau kawai shi ne, duk yaron da ke riƙe da waya ya zama mai tace fim. A ganina abin da ya raya wannan mim ɗin shi ne gurbin da ya bari: rabin baya a kafe yake, rabin gaba kuwa kowa ya zuba abin da ya ga dama, ko ɗalibin da ya ga sakamakon jarrabawa, ko ƙungiyar ƙwallon da aka lallasa.

Lokaci ma ya taimaka. Cutar korona ta kulle mutane a gida, labarin mutuwa ya cika kafafen yaɗa labarai, ga kuma hanyar yi mata dariya. 'Yan sanda a Kolambiya da Peru sun ɗauki akwati suna rawa a titi don jan kunnen masu karya dokar kulle, Donald Trump ya yi amfani da hoton wajen yi wa Joe Biden shaguɓe a watan Mayun 2020. Kafin nan ma'anar farko ta riga ta juye: rawar girmama mamaci ta koma hukuncin da ake yanke wa mai ganganci.

Su kansu masu rawar ba su ci moriyar nan take ba. A watan Maris na 2020 gwamnatin Ghana ta taƙaita mahalarta jana'iza zuwa mutum 25, kasuwarsu ta tsaya a daidai lokacin da duniya ke kallonsu kyauta. Sai a Afrilun 2022 aka yi gwanjon shaidar mallakar bidiyon ta intanet, wani kamfanin kiɗa na Dubai ya saya a kan sama da dala miliyan 1.