Konstantin Melnikof: Maginin da Aka Hana Gini

 Jawabina na yau a kan wani mai zanen gine-gine ne na ƙasar Rasha, wanda hukuma ta ɗaukaka, daga baya kuma ta yar da shi.

An haifi Konstantin Melnikof a Mosko cikin shekarar 1890, a gidan talakawa. Wani injiniya mai suna Chaplin ne ya ga hannunsa wajen zane, ya ɗauki nauyin karatunsa. Ya kammala koyon tsara gine-gine a 1917, shekarar juyin juya halin Rasha.

Sabuwar gwamnati tana neman sabon salo, shi kuwa yana da shi. A 1924 aka zaɓi zanensa na akwatin gilashin da aka sa gawar Lenin. A 1925 ya gina rumfar Tarayyar Sobiyet a baje kolin birnin Faris, da katako da gilashi, sunansa ya zagaye Turai. Daga 1927 zuwa 1929 ya gina wa ma'aikata gidajen taro a Mosko, mafi shahara shi ne na Rusakof.

A cikin waɗannan shekaru ne ya gina gidan kansa, a lokacin da ba safai hukuma ke barin mutum ya gina gida shi kaɗai a tsakiyar birni ba. Siffarsa kamar ganguna biyu ne a tsaye manne da juna, da tagogi wajen 60 masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Wannan tsari ya rage yawan bulon da aka kashe, ya kuma cika ɗakuna da haske.

To, amma sarki goma zamani goma. A 1932 gwamnatin Stalin ta rushe ƙungiyoyin masu zanen gine-gine, ta tara su ƙarƙashin inuwa ɗaya, ta koma son manyan gine-gine masu ginshiƙai da ado. Melnikof ya ƙi sake salo. A babban taronsu na 1937 aka yi masa caa, aka ce siffa kawai ya dama da ita, ba bukatar jama'a ba. Daga nan aka daina ba shi aiki. Ba a ɗaure shi ba, ba a ƙwace gidansa ba, amma ya kwashe sauran rayuwarsa yana zanen hotuna da ɗan koyarwa.

Sai a 1965 aka baje ayyukansa a Mosko, aka kuma ba shi lambar girma a 1972. Ya rasu a 1974. Gidan nasa ya zama gidan tarihi a 2014.

Ku da takardun kwangila za su riƙa bi ta hannunku, ku duba wannan. Da hukunci ɗaya na ofis Rasha ta yi hasarar aikin shekara fiye da talatin na gwaninta, lambar girma kuwa ba ta maido ko gini ɗaya ba.