Bakin Riga a Matsayin Shaidar Tarihi: Kalmasa da Sauyin Tufafi a Ƙasar Bagudo da Iyakar Benin

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tufafin Hausa sun fi mai da hankali ga abin da ido yake fara gani, watau aikin wuya da na aljihu, irin su aska biyu da aska takwas, ko kuwa rini da bugu. Philip Shea ya yi nazarin sana'ar rini ta Kano a 1975, David Heathcote ya yi na aikin allura a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979, sa'an nan Colleen Kriger ta fitar da littafi a kan tarihin tufafin Afirka ta Yamma a 2006. Amma bakin riga, inda maɗinki yake rufe aikinsa, ba a cika waiwayarsa ba, domin ba wurin ado ba ne.

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa bakin tufa shaida ne na tarihi. Dalili kuwa shi ne, maɗinki ba ya zaɓen yadda zai kashe baki don son ransa. Ƙyallen da ke hannunsa shi yake tilasta masa. Idan ƙyalle ya sake, dole ɗinkin baki ya sake. Mun zaɓi ƙasar Bagudo ne domin tana bakin hanyar da tufafi suka daɗe suna bi, da farko daga gabas zuwa yamma, daga baya kuma daga yamma zuwa gabas.

Akwai kalmomi uku da za mu riƙa amfani da su. Kalmasa ita ce a naɗe bakin ƙyalle ciki, galibi sau biyu, a bi shi da ɗinki. Dajiya ita ce a bi bakin da zare ana zagaye shi don kada ya zazzare. Shafi kuwa shi ne a ɗora wani ƙyalle dabam daga ciki, ya rufe bakin, ya kuma ƙara masa nauyi.

2.0 Ƙasar da Hanyarta

Bagudo ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Tana cikin masarautar Gwandu, Kogin Kwara ya ratsa ta, daga yamma kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Cikin garuruwanta akwai Illo da Ka'oje da Zagga da Lolo da Tsamiya. Lolo tana fuskantar Madekali, a kan hanyar Malanbil, Tsamiya kuwa tana fuskantar Segbana. Mazauna ƙasar sun haɗa da Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da mutanen Bargu.

Illo tsohuwar masarauta ce ta Bargu, wadda ake lissafawa tare da Busa da Nikki a labarin Kisra. Muhimmancinta ga zancenmu shi ne mashiginta. A ƙarni na 19 ayarin fataken Gwanja sukan taso daga Kano da Sakkwato da Jega, su ƙetare Kwara a mashigai dabam-dabam, har da na Illo, su ratsa Bargu zuwa Jugu da Sansanin Mango, su sauka Salaga. Mahdi Adamu (1978) da Paul Lovejoy (1980) sun yi bayanin wannan fatauci filla-filla. Abin da fatake suke komowa da shi goro ne. Abin da suke tafiya da shi kuwa, ban da kanwa da fatu da dabbobi, tufafi ne: riguna da rawuna da turkuɗi da zannuwa. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma bi ta Gwandu a 1853, ya ƙiyasta tufafin da Kano take fitarwa a shekara da wuri miliyan 300. Watau a wancan zamani ƙasar Hausa ita ce mai tufatar da maƙwabtanta.

3.0 Baki a Zamanin Saƙar Hannu

Masaƙar maza tana fitar da ƙyalle ne siriri mai tsawo, wanda ake kira ƙwarya. Faɗin wata ƙwaryar bai wuce tafin hannu ba, ta turkuɗi ma ba ta kai yatsa biyu ba. Abin lura a nan shi ne, kowace ƙwarya tana fitowa da gefuna biyu da suka kashe kansu, saboda zaren kwance yana kaiwa ƙarshe ne ya juyo, ba a yanke shi. Irin wannan gefe ba ya zazzarewa, don haka ba ya bukatar kalmasa.

Saboda haka babban aikin maɗinkin da shi ne haɗi. Yakan jera ƙwarya da ƙwarya, gefe da gefe, ya haɗa su da ɗinki ƙanana, ba tare da ya ɗora wata bisa wata ba, har ya sami faɗin riga. Babbar riga guda takan ci ƙwarya gomiya da yawa. Wuraren da almakashi ya taɓa kaɗan ne: ƙarshen ƙwaryoyin a gindin riga, da wuya, da cunar da ake sakawa don riga ta buɗe. A nan ne kawai ake fargabar zazzarewa.

Gindin riga ya fi kowane wuri wahala. Saƙi da tsamiya da fari mai kauri, idan aka naɗe su sau biyu a inda haɗi ya yi yawa, sai bakin ya yi tudu, ya ƙi kwanciya. Maganin da maɗinka suka samo shi ne shafi. A rigunan saraki da attajirai akan yi shafin da alharini, watau ja-jan silikin nan da ake kawowa ta Sahara daga Tarabulus, ko da wani ƙyalle mai ratsi. Amfaninsa uku ne: ya rufe yankakken baki, ya sa riga ta sauka da nauyi, sa'an nan idan mai riga ya saɓa hannunta a kafaɗa, ko ya hau doki, sai launin ciki ya bayyana. Ke nan abin da aka fara don tsare ƙyalle ya zama alamar daraja.

Saƙar mata kuwa, wadda ake yi a tsaye, tana fitar da ƙyalle mai faɗi, a haɗa biyu ko uku su zama zane ko gwado. Sau da yawa ba a kalmashe ƙarshensa. Akan bar zaren tsaye ya zama geza, a murɗe shi ko a ƙulla.

4.0 Iyaka da Yadin Kanti da Keke

A 1894 Lugard da Bafaranshe Decoeur suka yi tseren isa Nikki don ƙulla yarjejeniya da sarkinta. Rigimar ba ta kwanta ba sai da Ingila da Faransa suka sa hannu a kan yarjejeniyar 14 ga Yuni, 1898, wadda ta raba Bargu biyu. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila, aka kuma ce iyaka ta taɓa Kwara mil 10 sama da Giris, tashar jiragen ruwan Illo. Daga baya Turawan Ingila suka cire Illo da Ka'oje daga Bargu suka haɗa su da Gwandu. Ƙasar da take tsakiyar hanya sai ta koma bakin iyaka.

Hanyar Gwanja ma ta riga ta fara rauni. Yaƙin basasar 1892 ya rushe Salaga, sa'an nan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai goro ya koma biyowa ta teku da Ikko. Wannan jirgin, da jiragen ruwan Kwara, su ne suka ƙara yawan akoko da alawayyo na masaƙun Manchester a kasuwannin Arewa. Saƙar hannu ba ta mutu nan take ba, amma yadin kanti ya fi araha, ya kuma fi sauƙin samu.

Yadin kanti ya juya aikin maɗinki. Ƙyalle ne mai faɗi, ba a haɗa shi a sami riga, sai dai a yanka shi. Ko'ina almakashi ya bi, ya bar baki mai zazzarewa: a gindi, a hannu, a aljihu, a ƙafar wando. Ga shi kuma ba shi da kauri, yana naɗuwa sau biyu ya kwanta lafiya lau. Don haka kalmasa, wadda a da ƙaramin aiki ce, ta zama ruwan dare, shafi kuma ya ja baya ya tsaya ga manyan riguna.

Keken ɗinki ya zo daidai da wannan bukata. Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka a 1851, kekunan Singer ne kuma suka fara yaɗuwa a zamanin Turawa, kafin Butterfly na ƙasar Sin su cika kasuwa. Keke yana ɗinki da zare biyu, na sama da na ƙasa, suna sarƙewa a tsakiyar ƙyalle, taku ɗaya daidai da ɗan'uwansa. Miƙaƙƙen layi a kan ƙyalle marar kauri shi ne abin da ya fi iyawa, watau kalmasa ke nan. Daga nan sana'ar ta rabu: ga tela mai keke, ga mai aikin allura wanda ya riƙe wuya da aljihu.

5.0 Da Hanya Ta Juya

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Nijeriya ta kafa masaƙunta. Kamfanin saƙa na farko a Kaduna ya fara aiki a 1957, UNTL ya biyo baya a 1964. Don a kare su, daga tsakiyar shekarun 1970 gwamnati ta yi ta hana shigo da yadi, ta kuma hana gwanjo. Ita kuwa Dahomey, wadda ta koma Benin a 1975, sai ta buɗe tashar Kwatano, kaya su sauka da haraji kaɗan, su sulale zuwa Nijeriya. John Igue da Bio Soule sun kira ta ƙasar ajiyar kaya a littafinsu na 1992. Hanya daga Kwatano zuwa Paraku da Kandi da Malanbil tana tafiya ne kusa da iyakar Bagudo. An rufe iyakokin Nijeriya daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufe su a watan Agusta 2019. A tsakanin nan aka karya darajar sefa da rabi a 1994, UNTL ya rufe masaƙarsa ta Kaduna a 2007. Ƙasar da a da take ganin wucewar rigunan Kano zuwa yamma, sai ga ta tana karɓar yadin Turai da Asiya daga yamma.

Kowane irin yadi ya zo da nasa hukunci. Atamfa tana da gefe biyu da masaƙa ta kashe, a kansu ne ake buga sunan kamfani da lambar zane, kamar yadda Vlisco na Holan yake yi. Mata ba su yarda a kalmashe wannan gefe ba, domin shi ne shaidar tsadar zanen. Ƙarshe biyu da aka yanka kaɗai tela yake naɗewa. A nan zanen mace ya riƙe tsohuwar ƙa'idar ƙwarya. Shadda, irin ta Getzner ta Ostiriya, tana da tauri da sheƙi, ana yi mata kalmasa mai faɗi don riga ta tsaya, kuma idan aka warware ɗinki sai sawun allura ya zauna. Leshi yana zuwa da nasa bakin ado, ba a yanke shi. Yadin roba mai santsi yana zamewa yana zazzarewa, shi ya sa wasu teloli sukan bi bakinsa da harshen wuta, kafin a sami keken da yake yanke baki yana daje shi a lokaci guda. Gwanjo kuwa ya haifar da sabon aiki, na rage tsawon wando a sake kalmashe shi.

6.0 Yadda Za A Karanta Baki

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da ƙa'ida. Wanda ya sami tsohuwar riga, ya juya cikinta ya duba abu uku: ƙwarya ce aka haɗa ko yadi aka yanka, bakin shafi ne ko kalmasa, ɗinkin na zare ɗaya ne ko na biyu. Ƙwarya da shafin alharini da ɗinkin hannu suna nuna tsohon tsari. Ƙwarya da shafin akoko suna nuna lokacin da tsari biyu suka gamu. Yadi da kalmasar keke suna nuna an shiga sabon zamani.

Amma fa sai an yi hattara. Baki shi ne wurin da ya fi saurin cinyewa, don haka shi aka fi sakewa. Ana iya samun rigar kaka da shafin jika. Har ila yau ba a bar ɗinkin hannu ranar da keke ya zo ba. Ke nan ɗinkin keke yana iya tabbatar mana cewa baki bai girmi zuwan keke ba, amma ɗinkin hannu shi kaɗai ba ya tabbatar da tsufa. Dole a haɗa shaidar baki da ta zare da rini, da kuma bayanin masu rigar. Atamfa ma haka, tun da masu kwaikwayo sukan buga sunan wani kamfani a gefen tasu.

7.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙari mu nuna cewa sauyin da aka samu daga haɗi da shafi zuwa yanka da kalmasa ya biyo sauyin ƙyalle ne, shi kuma sauyin ƙyalle ya biyo sauyin hanya da iyaka. Takardun Turawan mulki sun rubuta haraji da sunayen hakimai, ba su damu da abin da talaka ya sa a jikinsa ba. Wannan shaida tana cikin adakar gidajen sarauta da na malamai da na zuriyar fatake, gara da asu suna cinta, masu sayen kayan tarihi kuma suna kwashe na kirki.

Shawararmu ga kwalejojin ilimi ita ce, sassan Hausa da Tarihi da Kimiyyar Gida su haɗa kai, su tura ɗalibai garuruwa irin su Illo da Ka'oje da Zagga. Kowace riga aka samu, a auna faɗin ƙwaryarta, a ƙirga ƙwaryoyin, a ɗauki hoton ciki kamar yadda ake ɗaukar na waje, a rubuta sunan kowane ɗinki daga bakin tsofaffin maɗinka, da Hausa da Dandanci da harsunan Bargu. Ya kamata kuma a nemi haɗin kan malaman Jami'ar Paraku, domin rabin shaidar tana hayin iyaka, a Kandi da Nikki da Jugu.