Daga Ganɗoki zuwa Doctor Strange: Tarihin Haɗuwar Jarumai da Sihiri

Matashin da ya kalli fim ɗin Doctor Strange a wayarsa a Sabon Garin Gusau, sannan ya nemi littattafan zanen da aka ciro labarin daga cikinsu, yakan ci karo da cikas tun daga bakin ƙofa. Labarin ba ya cikin littafi guda. An warwatsa shi cikin mujallu da dama, kowace da jaruminta, sai mai karatu ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya kama bakin zaren.

Wannan tsari yana da tarihi. A 1963 Steve Ditko da Stan Lee suka ƙirƙiro Doctor Strange, likitan da ya koma masanin sihiri. A 1984 kamfanin Marvel ya tara manyan jarumansa cikin labari ɗaya mai suna Secret Wars, DC kuma ya fitar da Crisis on Infinite Earths a 1985. Daga 1988 zuwa 1989 aka yi Inferno, inda shaiɗanu suka mamaye birnin New York, labarin ya ratsa mujallun X-Men da Spider-Man da wasunsu. Dabarar kasuwa ce tun asali: mai son jin ƙarshe sai ya sayi mujallar da bai saba saye ba.

Sai dai Bahaushe ba baƙo ba ne a irin wannan duniya. A tatsuniya, Gizo da Ƙoƙi da Kura suna fita daga wannan labari su shiga wancan, ba mai tambayar wanne ya kamata a fara ji. Da rubutun boko ya kankama, Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933. Cikin littattafan da gasar ta haifar akwai Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara.

Ganɗoki ya cancanci a tsaya a kansa. Ya fara ne a matsayin mayaƙi a Kwantagora zamanin Ibrahim Nagwamatse, ya fafata da Turawan mamaya. Da ƙasa ta faɗi, sai labarin ya bar tarihi ya shiga duniyar aljanu, inda shi da ɗansa Garba Gagare suka ci gaba da yaƙi. Jarumin da bindigar Nasara ta fi ƙarfinsa a zahiri, alƙalami ya ba shi galaba a gaibu. Abin lura kuma, Bello Kagara bai mai da shi boka ba. Ya sa shi yana yaƙi ne da sunan addini. Ta haka labarin ya shiga makarantun Arewa ba tare da an ƙyamace shi ba. Ƙanensa Abubakar Imam ya zo da wata dabarar a Magana Jari Ce, inda bakin aku ɗaya ya ɗinke labaran Larabawa da Indiyawa da Turawa.

Zane ne ya yi ƙaranci. A 1975 aka fara buga Powerman domin kasuwar Nijeriya, cikin Turanci, masu zanen kuma 'yan Ingila ne, Dave Gibbons da Brian Bolland. Har lamba aka riƙa sa wa kowane hoto, wai don kada mai karatu ya ɓata. Shekaru arba'in da 'yan kai bayan haka, Roye Okupe ya fitar da Malika, wadda ya gina bisa tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, ya kuma haɗa ta da sauran jarumansa a duniya guda. Ita ma da Turanci take magana.

Saboda haka hanyar shiga irin wannan labari tsohuwa ce: a fara da jigon da ya ɗaure sauran, kamar yadda mai karanta Magana Jari Ce ke riƙe da aku, rassan su biyo baya. Matashin Sabon Gari zai iya yin haka da Doctor Strange cikin mako guda. Ganɗoki kuwa, wanda ya girme shi da kusan shekara 30, yawancin masu karatu har yau a baƙaƙen rubutu kaɗai suka san shi.