Yadda Aka Fara Tseren Zagaya Duniya a Jirgin Ruwa, Mutum Shi Kaɗai

A watan Afrilun 1895 wani tsohon kyaftin mai suna Joshua Slocum ya tashi daga Boston ta Amurka a cikin Spray, tsohon jirgin masunta da ya sake ginawa da hannunsa. Ba inji, ba abokin tafiya, iska ce kawai ke tura shi. Bai dawo ba sai a Yunin 1898, bayan ya ci kimanin mil 46,000. Shi ne mutum na farko da ya zagaya duniya ta teku shi kaɗai, sai dai ya yi ta yada zango a hanya.

Zangon nan na baya suka yi ta ƙoƙarin ragewa. A 1966 Francis Chichester na Ingila ya bar Plymouth a jirginsa Gipsy Moth IV, ya tsaya sau ɗaya tak a Sydney, ya dawo a Mayun 1967 yana da shekara 65. Saura abu guda: a je a dawo ba tare da an taka ƙasa ba.

Jaridar Sunday Times ta sa gasa a 1968, da kofi ga wanda ya fara dawowa da fam 5,000 ga wanda ya fi sauri. Mutum tara suka fita, ɗaya ya kammala.

Wannan ɗayan shi ne Robin Knox-Johnston, kuma ba wanda zai kalli jirginsa ya ba shi nasara. Suhaili jirgin katako ne mai tsawon ƙafa 32, ƙirar Bombay, ga nauyi ga nawa. Tun a Tekun Atlantika ya fara yoyo, dole mai shi ya yi nutso ya toshe ɓarakar, bayan ya harbe wani kifin shak da ke kewaya shi. Ruwan shansa ya gurɓace, ya koma taren ruwan sama. Rediyonsa ta lalace, aka yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba. Na'urar da ke riƙe masa akalar jirgi idan zai runtsa ita ma ta karye. Abinci na gwangwani ne, hanya kuwa da rana da taurari yake lissafa ta. Haka ya shiga Falmouth ranar 22 ga Afrilun 1969, bayan kwana 312.

Labarin sauran ya fi taɓa zuciya. Bafaranshe Bernard Moitessier ya riga ya wuce Cape Horn, ana ganin zai iya lashe kuɗin, sai ya fasa komawa Turai. Ya harba saƙo da danƙo zuwa kan wani jirgi kusa da Cape Town, ya zarce har Tahiti. Jirgin Nigel Tetley ya nutse gab da gida, aka ceto shi. Donald Crowhurst kuwa bai taɓa barin Atlantika ba, ya yi ta aika rahoton ƙarya game da inda yake, har aka tsinci jirginsa ba kowa a ciki a watan Yuli. Knox-Johnston ya ɗauki fam 5,000 ɗin nan ya miƙa wa iyalan Crowhurst, halin da ya cancanci a riƙa tunawa da shi tare da nasarar.

Sai bayan shekara 20 Philippe Jeantot ya farfaɗo da tseren a Faransa da sunan Vendée Globe. A 1989 jirage 13 suka bar Les Sables-d'Olonne, bakwai suka kammala, Titouan Lamazou ya zo na ɗaya a kwana 109. Yanzu duk shekara huɗu ake yi, a jirage masu ƙafa 60 da fikafikan da ke ɗaga su sama da ruwa, ga tauraron ɗan Adam na nuna hanya. Ƙa'idar dai ba ta sauya ba: ba sauka, ba taimakon kowa, barci ma guntu-guntu ake yin sa. A Janairun 2025 Charlie Dalin ya kammala zagayen cikin kwana 64.