Ajiya da aikin yi ga masu naƙasar ƙwaƙwalwa: abin da doka ta tanada da giɓin da ya rage a Kano

Naƙasar da ke taɓa girman ƙwaƙwalwa tun daga ƙuruciya, irin su galahanga da lalurar Down da raunin ƙwaƙwalwa da kan biyo bayan wahalar haihuwa, aba ce da mutum ke rayuwa da ita har tsufa. Saboda haka tambayar da ke ci wa iyaye tuwo a ƙwarya ita ce wadda ba a cika yi a bainar jama'a ba: idan suka kwanta dama, da me ɗan zai rayu, kuma wa zai riƙe masa abin da aka bar masa?

Tanadin doka

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar haramta wariya ga masu naƙasa, wadda ta umarci ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda za su iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa domin sa ido kan aiwatarwa.

Sai dai dokar ba ta samar da asusun ajiya na musamman ba. Gurbin kashi 5 kuwa ya fi amfanar mai naƙasar ƙafa ko ido da ya yi karatu, domin ɗaukar aikin gwamnati ya rataya ne a kan takardar shaida, wadda galibin masu naƙasar ƙwaƙwalwa ba su da ita.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

A Amurka, mai karɓar tallafin naƙasa na SSI kan rasa shi idan dukiyarsa ta haura dala 2,000, adadin da bai sauya ba tun 1989. Hakan ya sa iyalai suka riƙa tsoron yin ajiya, masu naƙasar kuma suka riƙa gudun aiki don kada a yanke musu tallafi. A Disambar 2014 Shugaba Barack Obama ya sanya hannu kan dokar ABLE, wadda ta ba da damar buɗe asusun da ba a cire haraji daga ribarsa matuƙar an kashe kuɗin kan buƙatun naƙasa, kuma ba a lissafa dala 100,000 na farko wajen tantance cancantar SSI. Kanada ta fara nata asusun a 2008, inda gwamnati ke ƙara kuɗi a kan abin da iyali suka zuba.

Halin da ake ciki a Kano

Matsalar Kano ta sha bamban. Babu wani alawus na wata-wata da dokar tarayya ta wajabta wa masu naƙasa, balle a ji tsoron rasa shi. Nauyin yana kan iyali, kuma ajiyar takan zama adashi, ko dabba, ko fili da ke hannun wani ɗan'uwa. Buɗe asusun banki yana buƙatar lambar BVN ko NIN da iya tafiyar da asusu, don haka sau da yawa kuɗin kan zauna da sunan wani. Wadda aka ajiye a banki ma, hauhawar farashi na cin darajarta.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na jihar ke aiki da shi, ya tabbatar wa mai naƙasa cikakken rabonsa na gado, ya kuma ɗora wa waliyyi amanar kula da dukiyar wanda ba zai iya sarrafa ta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne bin diddigi: idan babu rubutu ko shaidu, amana kan salwanta ba tare da mai haƙƙin ya iya kai ƙara ba.

Abin da ke hannun gwamnatin jiha

Daga Gidan Gwamnati da ke Nassarawa GRA ake sanya hannu kan kasafin kuɗi da dokokin jiha, kuma abubuwa uku suna cikin ikonta. Na farko, tsarin asusun amana da sunan mai naƙasar kansa, wanda waliyyi zai riƙa ba da bayaninsa a gaban kotu ko hukuma. Na biyu, rangwamen harajin jiha ga masu shaguna da ƙananan masana'antu da suka ɗauki irin waɗannan matasa aiki tare da mai jagorantarsu. Na uku, shigar da Hukumar Zakka da Hubusi cikin lamarin, domin waƙafi hanya ce da al'umma ta daɗe da sani wajen killace dukiya don amfanin wani.

Ga mai son bibiya, tambayoyin da za a yi wa ɗan majalisar mazaɓa a fili suke: mutum nawa aka ɗauka aiki ƙarƙashin gurbin masu naƙasa, nawa ne daga cikinsu ke da naƙasar ƙwaƙwalwa, kuma nawa aka saki daga kuɗin da kasafin bana ya ware musu?